Saitin dare: abin da na koya a bayan kanta

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a shagon bindigogin nan na arewacin Houston, a jihar Texas ta Amurka. Waɗanda muka yi tsayuwar kanta tare sun san dalili. Su kuma 'yan uwan da ke tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya ko su ƙara wa fistol ɗinsu saitin dare, wato ɗigon da ke saman bindiga da ake auna hari da su, masu haske a cikin duhu, ga amsa a rubuce, domin tambayar taku da barina aikin duk maganar ɗaya ce.

Kowa a wannan sana'a ya san ribar bindiga ita kanta ba ta taka kara ta karya ba. Cinikin yana cikin tarkacen da ake bin ta da su: kube, harsashi, man goge, saiti. Manajan da aka kawo mana ya san haka fiye da kowa, kuma tun makonsa na farko ya kafa doka cewa duk fistol ɗin da za ta fita daga shagon, da saitin dare za ta fita. Fistol ɗin Glock tana zuwa daga kamfani da saitin roba, to sai mu ce a cire a sa na ƙarfe mai haske, dala 100 zuwa 150, ban da kuɗin ɗaurawa. Ya kafa allo a ɗakin baya da sunayenmu, kowa da yawan abin da ya sayar. Ya kuma ba mu tambayar da za mu riƙa jefa wa kwastoma: "Ƙarfe nawa ɓarawo yake shigowa gida?"

Abin da ya fi taƙama da shi wani kwali ne da ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya huda ƙofa daidai ido, ya manna saiti a ciki. Kwastoma zai sunkuya ya leƙa, ya ga ɗigo uku kore shar suna ƙyalli cikin duhu, ya ɗago yana murmushi, hannunsa ya tafi aljihu. Ban taɓa ganin dabarar da ke sayar da kaya kamar kwalin nan ba. Sai dai babu kowa a cikin kwalin. Ba ɓarawo, ba ɗanka da ya tashi shan ruwa, ba maƙwabcin da ya ɓata ƙofa.

Shi saitin ba abin rainawa ba ne, kar a ce na ce. A cikin kowane ɗigo akwai wata 'yar mitsitsiyar kwalbar gilashi da aka cika da iskar tiritiyam, wani nau'i na haidurojin mai fitar da tururin nukiliya mara ƙarfi, wanda ko fatar mutum ba ya ketawa. An shafe cikin kwalbar da sinadarin da ke haske idan tururin ya taɓa shi, shi ya sa ba batir, ba caji, ba kunnawa. Kamfanonin Trijicon ta jihar Michigan da Meprolight ta Isra'ila sun daɗe suna yin sa, ga XS nan kusa da mu a Fort Worth. Amma tiritiyam yana cin kansa. Duk bayan shekara 12 da 'yan watanni rabinsa ya tafi, hasken ma ya ragu da rabi, ko ka taɓa bindigar ko tana kwance a akwati. Kore ne ya fi haske kuma ya fi daɗewa, ruwan lemo ya fi saurin dusashewa.

Da dare, bayan an rufe, mukan rage fitilun filin harbi mu gwada kayan da kanmu. A nan na ga iyakarsa. Da cikakken haske, saitin dare saiti ne kamar kowane, farin zoben da ke kewaye da ɗigon kawai kake gani. Idan aka kashe fitila ɗungurungum, ɗigo uku suna nan ras, amma takardar da kake nufi ta ɓace, ba ka san ko mutum aka zana a jiki ba ko bishiya. Idan ka kunna tocila, koren ya nutse, saitin ya koma baƙar inuwa a kan abin da ka haska, kuma wannan inuwar ta ishe ka saiti ko da na roba ne. Amfaninsa na gaske yana cikin ɗan tsakanin nan, lokacin da akwai hasken da za ka gane wanda ke gabanka amma babu wanda zai faɗo kan bindigarka: almuru, duku-dukun asuba, garejin ajiye motoci, ko kana tsaye a duhun falo shi yana ƙarƙashin fitilar baranda. Ɗan sanda da mai gadin dare suna yawan samun kansu a irin wannan hali. Mai shiga gida da isha ya kulle ƙofa, ba kasafai ba. Akwai kuma wani tarko da ba ma faɗa wa kowa: in ɗigon uku launinsu ɗaya, mutum a firgice yana iya jera su ba daidai ba, na gaba ya koma gefe, ya ga layi ya miƙe alhali bakin bindiga ya karkace. Shi ya sa wasu ke sa mai haske a gaba kawai.

Rigimarmu ta faro ne a kan wani dattijo, mutumin zangon Kumasi, mai karɓar kuɗi da dare a wani gidan mai. Ya zaɓi bindigarsa, ya cike fom, binciken hukuma ya dawo lafiya, abin da ya rage a hannunsa bai wuce kuɗin abu ɗaya ba. Ya riga ya leƙa kwalin. Da ya ji ni Bahaushe ne sai ya saki jiki.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, in sa wannan mai hasken?"

Na ce, "Baba, su wa ke kwana a gidan?" Ya ce shi da iyalinsa, da jikoki biyu, da ƙaramin ɗansa mai aikin asibiti, wanda ba shi da lokacin dawowa. Na ce ya cire gilashin karatunsa ya sake leƙawa. Ya leƙa, ya daɗe, ya ce ɗigon sun zama kamar shida. Na ce, "To Baba, ba da gilashi kake barci ba." Ya tafi da tocila mai ƙarfi, da ƙaramin akwatin ƙarfe mai kulle saboda jikokin, na kuma rubuta sunansa a ajin masu koyo na Asabar. Tun 1 ga Satumban 2021 dokar Texas ta bar mai shekara 21 ya ɗauki fistol ba tare da lasisi ba, don haka yawancin masu zuwa mana ba su taɓa zama ajin awa huɗu na neman lasisi ba, balle harba harsashi 50 na gwaji. Shi ma gwajin da fitila tar ake yin sa.

Oga, wato manajan, bai ji Hausa ba, amma ya iya karanta rasit. A gaban yara sababbin ɗauka ya ce na kori ciniki, wai ni malamin makaranta ne ko mai sayar da kaya. Ya hana ni yin "yarenku" a kanta, alhali masu Sifaniyanci suna ta yin nasu, shi da kansa yake turo musu kwastoma. Washegari na ga an mayar da ni baya: sharar kwanson harsashi, canza matatar iska mai ƙurar dalma, da ɗaura saiti a kan tebur. La'ada ta tsaya, awoyi suka ragu. Na yi shiru, don aikin tebur ɗin ina son sa, kuma a shagon kaf babu wanda ke tura saiti da na'urar matsewa bai karce ƙarfe ba sai ni.

A tebur ɗin ne na ci karo da ainihin ɓarnar. Oga ya sayo wani tulin saiti da araha daga shagon da ya rufe. Kamfanoni da yawa suna buga shekarar da aka cika kwalbar a gefen saitin, 'yan ƙananan lambobi kusa da H3, alamar tiritiyam, sai ka kawo gilashin ƙara girma kake gani. Waɗannan sun shekara bakwai, wasu takwas. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na haskensu ya riga ya tafi suna cikin leda, shi kuma farashin sabo ya liƙa musu. Na kai masa ɗaya a tafin hannuna na nuna masa lambar. Ya ɗauka, ya jefa cikin kwalinsa, ya leƙa, ya ce, "Yana haske ko ba ya haske?" Na ce yana yi. Ya ce to in koma bakin aikina.

Ba a jima ba wani tsohon soja ya dawo da bindigarsa, ya ajiye ta kusa da ta abokinsa, bambancin ko makaho ya shafa ya ji. Da mai shagon ya tambaya, sai Oga ya ce ai mai ɗaurawa ne ya kamata ya duba shekara kafin ya ɗaura. Aka rubuta min takardar gargaɗi, aka ce in sa hannu. Wanda ya sayo kayan, ya sa musu farashi, ya kore ni da na nuna masa, shi ne ya miƙo min biron. Abokan aikin da suka ga lokacin da na kai masa saitin duk suka duƙufa goge gilashin kanta. Ban riƙe su ba sosai, kowa da haya a kansa, amma na san su yanzu.

To ga masu tambaya. Idan aikinka na dare ne, a waje, cikin rabin haske, sa shi, kuɗinka bai faɗi ba. Idan ta gida ce, fara da tocila, sai akwatin kullewa, sai aji da harsashin atisaye, in akwai ajin harbi cikin ƙarancin haske ma ya fi. Bayan nan in kuɗi ya ragu, sa saitin, ko don ƙarfe ya fi roba jure bugu. Wanda idonsa ya fara gajiya ya gwada babban ɗigo guda ɗaya a gaba, ko na'urar jan ɗigo mai batir, kafin ya biya. Kuma ka ce a nuna maka shekarar da ke gefe, a gabanka, kafin a ɗaura. Mai shagon da ya ɓata rai a kan wannan, ka ɗauki kayanka ka fita. 'Yan gida Najeriya masu karanta wannan, ba da ku nake ba, dokar makamai ta can ta sa fistol cikin waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa.

Sauran abin da na koya bai da yawa. In ka ga ɓarna, rubuta ta a saƙo mai kwanan wata, maganar baki ba ta da shaida. Kar ka sa hannu a takarda ranar da aka ba ka ita. Wanke hannu da ruwan sanyi bayan sharar filin harbi saboda ƙurar dalma, kuma kar ka shiga da takalmin aiki inda yara ke rarrafe.

Yanzu ina taimaka wa wani mai koyar da masu gadi a kudancin gari, kuɗin bai kai na da ba. Dattijon nan ya zo ajinsa ya gama, ya kawo ɗan nasa ma. An ce min saitin da suka rage an sauke musu farashi an rubuta "rangwame", ba a dai rubuta shekarar ba. La'adar watana na ƙarshe a kanta har yau ba ta shigo ba, na kuma aika musu saƙo a rubuce.