Kafin iyaye su kaɗa ƙuri'ar kuɗin ɗakin kwamfuta

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma har yau a Azare, Misau da Dukku ana samun ɗalibin da sai ranar jarrabawa hannunsa ke fara taɓa linzamin kwamfuta. Shi ya sa taron ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ke kawo shawarar a yanka wa iyaye wani abu kowane zango don kafa ɗakin kwamfuta. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari, muddin za a karanta wa iyaye lissafin wuta kafin a kaɗa ƙuri'a, domin nan ne aikin ke mutuwa.

A sayi laftof, a bar ta kan tebur. Laftof na cin kamar wat 50, ta tebur da allonta kuwa ta kan kai 150. Laftof ashirin wat 1,000 ke nan. A ƙara fanka da fitilu da na'urar intanet, a ce 1,300. Wutar JED, kamfanin rarraba lantarki na Jos, ba abin dogaro ba ce a lokacin darasi, janareta kuma mai zai cinye asusun. Faifan sola biyar masu wat 450, inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) mai 3kVA da batira biyu masu 200Ah za su riƙe awa biyar na rana, tunda kowace laftof da nata batirin.

Batirin inbata ne ke fara tafiya. Idan ana zuƙe shi ya wuce rabi, ko aka kulle shi a ɗaki marar iska cikin zafin Maris da Afrilu, ba zai yi ƙarko ba. A duba ruwansa duk wata, kuma ruwan batir za a zuba, ban da na famfo. Da hunturu ƙura kan rufe faifan har caji ya ragu, sai a wanke su mako-mako da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kafin damina a binne ƙarfen kariyar tsawa, a sa wa tagogi ƙarfe, a duba rufin.

Wajen ƙuri'ar, a yi ta a takarda. Ɗaga hannu gaban jama'a na sa uba marar hali ya amince don kunya, daga baya a koro ɗansa gida. A cire marayu daga biyan kuɗin. A kuma tuna dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatu kyauta ne daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, don haka a makarantar gwamnati wannan magana ta babbar sakandare ce.

Kuɗin ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, a ware kashi ɗaya cikin biyar don gyara, a manna rasit a allon sanarwa. Sannan shugaban makaranta ya faɗi sunan malamin da zai riƙe makulli, da ranar da kowane aji zai shiga. Aji mai yara sittin sai a raba shi uku, kowane yaro ya samu kwamfutarsa.