Yau Puskas ya cinye min wuni

Asabar, bayan isha'i.

Ƙanina ne ya jawo min. Muna karin kumallo yana kallon ƙwallayen da suka ci kyautar Puskas a waya, wato kyautar ƙwallon da ta fi kyau a shekara, sai ya ɗago ya ce, "Yaya, wai Puskas ɗin nan kamfani ne ko gari?" Na yi masa dariya, na ce mutum ne, ɗan Hangari. Daga nan kuma ilimina ya ƙare, ni da nake cika baki a majalisa cewa ba wanda ya kai ni sanin Real Madrid.

Wankin da na yi niyya bai yiwu ba. Na zauna da waya har azahar.

Ferenc Puskas, an haife shi a 1927 a Budapest. Gajere ne, kakkaura, kuma kusan da ƙafar hagu kaɗai yake aiki. Da ita ya zura wa ƙasarsa ƙwallo 84 a wasa 85. Na sake duba lissafin sau biyu don na ɗauka kuskure ne. Na kalli wasan Wembley na 1953 da suka lallasa Ingila 6 da 3, hoton duk dishi-dishi. Akwai inda Billy Wright, kyaftin ɗin Ingila, ya taho a guje zai ƙwace, Puskas ya ja ƙwallon baya da tafin ƙafa, Wright ya zarce, shi kuma ya dunƙula ta a raga. Sau bakwai na maimaita wurin.

Wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1954 ya ɓata min rai kamar jiya aka buga. Sun fara cin Jamus ta Yamma biyu, shi ya ci ta farko duk da ciwon idon sawu, aka zo aka doke su 3 da 2. Ya farke dab da tashi, aka ce satar gida.

Amma abin da ya tsaya min shi ne bayan nan. A 1956 sojojin Sobiyet suka murƙushe boren Hangari lokacin ƙungiyarsa Honved tana waje, ya ƙi komawa gida, aka dakatar da shi. Sai 1958 Real Madrid ta ɗauke shi, yana da shekara 31, ga teɓa. Mutumin da ake ganin ya gama yayi, shi ne ya ci huɗu a wasan ƙarshe na Kofin Turai na 1960 a Glasgow, Di Stefano ya ci uku, suka tashi 7 da 3 da Eintracht Frankfurt. Sau huɗu yana zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a La Liga. Ya buga wa Sifaniya ma wasa huɗu, sai dai can bai ci ko ɗaya ba.

Ni shekarata 33, teɓar ma akwai, Alhamdulillahi. Bayan la'asar na zaro takalmina daga ƙarƙashin gado, na kaɗe ƙura, na nufi filin unguwa. Yaran suka sa ni a gaba don girmamawa. Na gwada jan ƙwallon nan da tafin ƙafa, ta zame, na zauna daɓas a ƙasa. Ƙanina yana bakin fili yana ihu, "Sannu Puskas!"

Yanzu ƙugu ke min ciwo, an shafa min man zafi. Wankin yana nan a bokiti.