Kalma ɗaya da ta cinye karatun wata biyu

Har yau idan na ga kalmar CASCADE a rubutun manhajar wani, sai gabana ya faɗi.

Wata cibiyar koyar da masu shirin JAMB a nan Kano ce ta ba ni aikin gina ɓangaren manhajarsu da ke zaune a saba, wato babbar kwamfutar da wayoyi ke haɗuwa da ita ta intanet, mai ajiye darussa da lissafa inda kowane ɗalibi ya kai. Na ɗauki Django, kayan aikin gina manhajar intanet, da PostgreSQL, rumbun ajiye bayanai. Rajista, loda darasi, jera tambayoyin gwaji yadda JAMB ke yi, 60 na Turanci da 40-40 na sauran darussa uku, duk wannan ya tafi sumul, ba sai na ɓata muku lokaci a kai ba.

Inda na yi wa kaina shi ne teburin ci gaban ɗalibai, wato jadawalinsu a cikin rumbun. Kowane layi yana cewa wane ya gama darasi kaza, ya ci maki kaza. Tun daga Django 2.0 ba ka ƙulla teburi da teburi sai ka faɗi abin da za a yi in an goge uwar, wato abin da ɗayan ke rataye da shi. Na rubuta CASCADE, don shi nake gani a kowane misali. Ma'anarsa, in darasi ya tafi, duk abin da ke rataye da shi ya bi shi. Na san haka fa. Kawai dai a raina na ce, wa zai goge darasi?

Malamin fiziks ne ya ba ni amsa. Dattijo ne mai tsantseni, ko ɗigo ba ya bari a karkace. Ya ga an sa amsoshin da ba daidai ba a wani babi, gyara ɗaya bayan ɗaya ya yi masa nisa, sai ya goge babin dungurungum ya loda sabo. Shafin gudanarwa da Django ke zuwa da shi yakan jero maka abin da zai salwanta kafin ka amince. Ni kuwa don iyawa na ƙera wa malamai nasu shafin, da jan maɓalli guda, ko "ka tabbata?" babu.

Sai bayan kwana uku wata ɗaliba ta rubuto a zaurensu na WhatsApp: "Malam, korayen alamomina na fiziks sun ɓace." Kafin la'asar saƙonni sun yi yawa. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, akwai ajiya, kullum ƙarfe biyun dare pg_dump, manhajar kwafi ta PostgreSQL, yana kwafe rumbun. Na buɗe, sai ga fayil ɗaya tal. Suna ɗaya na ba shi, sabon kowane dare yana danne na jiya. Ashe ɓarnar nake ta adanawa dare uku a jere.

Tsadar data ce ta cece ni. Saboda ita muka sa manhajar waya ta riƙa ajiye amsoshin ɗalibi a SQLite, ƙaramin rumbun cikin wayar, sai an samu intanet ta turo. Daga wayoyin na tattaro abin da ya samu. Amma sababbin darussan lambobinsu daban ne, dole na zauna dare biyu ina haɗa tsoho da sabo da hannu, ina bin sunaye. Waɗanda ke karatu a kwamfutocin cibiyar kuwa, nasu ya tafi ke nan, karatun wajen wata biyu.

Malam ya same ni ya ce, "Injiniya, ni na jawo, ko?" Na ce, "A'a Malam, ka yi haƙuri, laifina ne. Ni na ajiye maɓallin." Kunyar wannan tambayar ta fi rashin barcin ciwo.

Yanzu PROTECT ne a wurin, in da ko ɗalibi ɗaya rataye da darasi, ba ya goguwa. Na raba darasi da bugunsa, gyara yana haifar da sabon bugu, makin ɗalibi yana nan manne da wanda ya amsa. Ajiya tana ɗauke da kwanan wata, ta kwana 30, a wata sabar daban, kuma duk Asabar nakan dawo da ɗaya a rumbun gwaji in gani da idona.

Jan maɓallin yana nan, sai dai ɓoyewa kawai yake yi. Na yi wa Malam bayani sau uku. Duk da haka ba ya danna shi sai ya kira ni, wani lokacin ma bayan sallar asuba.