Yadda Ake Gina Labarin Aminan da Suka Ɓata Kuma Suka Shirya

A Turai da Amurka, masu buga littattafai kan fitar da wani irin ƙagaggen labari dab da shigowar lokacin zafi, wato Yuni, Yuli da Agusta, sa'ad da makarantu ke dogon hutu, jama'a kuma ke tururuwa bakin teku. Labari ne marar nauyi da ake karantawa a cikin jirgi ko a inuwa, kuma jigon da ake yawan gani a cikinsa shi ne aminai biyu da suka yi shekaru suna gaba, sai hutu ya sake haɗa su. Karanta shi ba wuya. Rubuta shi kuwa sai da awo.

Abin da za a fara aunawa shi ne girman laifin, kuma a nan marubuta da yawa ke tuntuɓe. Idan abin da ya raba ƙawayen bai taka kara ya karya ba, misali ɗaya ta ji rabin zance ta yi fushi, mai karatu zai ce me ya hana su buga waya sau ɗaya a kashe wutar? Gabar shekara goma ba ta tsayawa a kan rashin fahimtar da jimla ɗaya ke warwarewa. In kuma laifin ya munana, kamar cin amanar da ta kashe auren wata, to an bar fagen nishaɗi, yafiyar ƙarshe ma za ta tsaya wa mai karatu a wuya. Abin nema shi ne laifin da mutumin kirki zai iya yi ranar da rauni ya kama shi. Mahaifiyar ɗaya tana kwance a asibiti, ɗayar ta kasa zuwa domin ba ta iya kallon majinyaci. Yau da gobe, kwana ya zama mako, mako ya zama wata, daga nan kunya ta ƙarasa abin da tsoro ya fara. Wannan yana da zafi, amma yana yafuwa. Sannan a raba nauyin: kashi biyu cikin uku a kan mai laifin, saura a kan wadda aka ɓata wa, wadda saƙo ya shigo mata har sau biyu ta karanta ta ƙi amsawa. Da zarar an wanke ɗaya tas, labarin ya koma zaman shari'a.

Hutun shi ne agogon labari. A sa masa iyaka tun a babin farko, kwana 14 ko mako 6, mai karatu ya san ranar rabuwa. A kuma ba su aikin da zai ɗaure su wuri guda: kwashe kayan tsohon gidan da za a sayar, ko doguwar tafiya a mota ɗaya. Masu gaba ba sa zama su kalli idon juna, amma in hannu yana aiki, shirun ba ya yi musu nauyi.

Tsawon irin wannan littafi kan kama daga kalmomi 70,000 zuwa 90,000. Babi 30 zuwa 35, kowanne kusan kalmomi 2,500, karatun minti goma zuwa sha biyu ke nan, daidai wanda zai ajiye littafi ya ɗauka sau da yawa a yini. Ƙawayen su yi ido huɗu kafin babi na 3 ya ƙare. A faɗi ainihin laifin a tsakiyar littafi. Mai ɓoye shi har shafin ƙarshe yana kumbura shi a zuciyar mai karatu, duk abin da ya bayyana daga baya sai ya zama ƙarami. Waiwaye zuwa ƙuruciya kada ya wuce babi ɗaya cikin huɗu.

Inda na fi so marubuci ya ɓata lokacinsa shi ne ƙananan abubuwan da jiki bai manta ba. Misali, ƙawayen suna tsugune suna ɗaure kwali, tun safe ba wadda ta ce da wata uffan. Ɗaya ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ɗayar ta zagaya ta sa mata almakashi a hannun hagu, domin har yanzu tana tune da cewa bahaguwa ce. Aka ci gaba da ɗauri. Wannan ya fi shafi biyar na "zuciyata ta tuna da ke". Raha ma daga nan take fitowa: tsohuwar tsokana, gardama kan wadda ta ɓatar da hanya shekara goma sha biyar da suka wuce. Amma ba a yin dariya da ainihin ciwon da ya raba su. Idan an sa soyayya a gefe, a riƙe mata linzami, domin tana da saurin haɗiye labari, a wayi gari an manta da ƙawancen da aka zo dominsa.

Wajen kashi uku cikin huɗu na littafin, sai rikicin ya fashe, kowa ta amayar da abin da ke cikinta. Ban haƙurin da zai biyo baya ya zama gajere, ya ambaci laifin da sunansa, kuma kada kalmar "amma" ta shiga ciki. "Ban zo ba. Na san kina jira na, ban zo ba." Kada amsa ta zo nan take. A bar dare ɗaya ya wuce. Sunan tsokanar da suke kiran juna da shi tun suna yara kuwa, a hana su furta shi tun daga shafin farko, sai da safen nan ɗaya ta kira ɗayar da shi tana tambayar inda makullin mota yake.

Kuskuren ƙarshe shi ne mayar da su yadda suke da. Shekaru sun shige, kowa ta yi rayuwar da ɗayar ba ta gani ba. A rufe da alkawari ƙarami mai rana da wata: a tashar jirgin ƙasa, ɗaya ta buɗe waya ta rubuta ranar da za ta dawo, ɗayar na leƙawa ta kafaɗarta tana gyara mata kwanan watan.