Yadda na ajiye bulala a ajin JSS 2

Shekarar da aka ba ni fom masta na JSS 2 wallahi na ɗauka bulala ce maganin komai, tunda mu ma haka aka yi mana, ka yi latti tsallen kwaɗo, ka yi surutu monita ya rubuta sunanka malam ya shigo a kira ku ɗaya bayan ɗaya. To na yi ta duka har zango ya ƙare amma sunayen da monita ke kawo min su ne dai, wani ma wando biyu yake sakowa saboda ya san da zuwana.

A asambuli na farga. A 2024 da aka dawo da tsohon taken ƙasa muka yi ta fama muna koya musu, rannan bayan sun gama alƙawarin nan da suke wa ƙasa kullum da safe, na gaskiya da biyayya da riƙon amana, sai na ce wa zai faɗa min ma'anarsa da Hausa? Tsit kake ji. Haddacewa kawai suka yi, kuma suna yin darasin sibik fa, har ci suke a jarabawa.

Ranar Juma'a na siyo kwali da maka, na ce yau ku za ku faɗi yadda kuke so ajin nan ya zama amma sharaɗi ɗaya, babu kalmar "kada", abin da za a yi za mu rubuta. Suka kawo ɗaga hannu kafin magana, abin da ka tsinta ka kai wa monita, in ka yi ɓarna ka faɗa da bakinka, ka bar wurin zamanka tsaf, wanda ya yi latti shi ke da shara. Sai wata yarinya daga can baya ta ce "Malam, har da ku?" aji ya kwashe da dariya, ni ko na ce har da ni.

Ai ko sati bai cika ba babur ya mace min a hanya na shigo a makare. Ba wanda ya ce uffan, kwalin kawai suke kallo. Na ɗau tsintsiya na share ajin, gaskiya na ji kunya, amma tun ranar ban sake jin wani ya yi gardama kan shara ba.

Inda na yi kuskure shi ne alawa. Na sa monita ya koma rubuta masu abin kirki ina raba musu, kafin ka ce me tsintuwa ta yi yawa, ashe wani ɓoye biron abokinsa yake sannan ya kawo wai ya tsinta. Dole na daina, na koma faɗin abin da yaro ya yi a gaban aji da sunansa, wani lokacin in kira gida.

Akwai biyu uku da har yau sai addu'a, ba zan ɓoye ba. Amma mai wando biyun nan, ranar da ya zo da kansa ya ce shi ya fasa gilashin taga, na kira babansa da yamma, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "Malam, me ya yi kuma?" Na ce Alhaji gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kira. Ya yi shiru can ya ce in maimaita, wai bai ji da kyau ba.