Yadda na mayar da Kawu mai cin bashi

Jiya na sha kunya a kasuwar Sabon Gari. Kawu ya ranta wa maƙwabcin shagonsa naira dubu 80, ya ce in rubuta musu shaida da Turanci, tunda wai ni ne ɗan bokon gida. Na karɓi biro na rangaɗa: "Alhaji borrowed 80,000 naira."

Wani malami daga Tudun Wada da aka kira ya sa hannu ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "To Alhaji, yaushe za ka biya?" Kawu ya zaro ido.

Ashe "borrow" karɓa ce, "lend" kuma bayarwa. Mu a Hausa kalma ɗaya ke ɗaukar duka biyun: ka ara mini, na ari naka. Shi ya sa "borrow me your pen" ya zauna mana a baki tun firamare, ba wanda ya taɓa tsawata mana.

Aka yaga takardar, malamin ya sake rubutawa. Har yanzu Kawu "Baturen gida" yake kirana, yaran shago suna dariya.