Na gama Magana Jari Ce na uku

Yau bayan La'asar na rufe littafi na uku na Magana Jari Ce, har yanzu raina na wajen Fasih, ɗan Waziri Aku. A littafi na farko Aku na ba da labari ne don ya hana Musa ɗan Sarki fita yaƙi, shi ya sa kowane dare zuciyata ke dukan uku-uku. A nan kuwa Abubakar Imam ya sauke wannan zullumin. Waziri Aku ya zaunar da ɗansa gabansa yana koya masa magana, labari bayan labari, kamar malami da almajirinsa. Wasu na cewa na ukun ya yi sanyi, ni ban yarda ba. Wallahi ina karantawa muryar mahaifina nake ji, Allah Ya jiƙansa. Ina ma na ƙara zama kusa da shi.